Yadda Ake Binciko Tarihin Ɗan Majalisar Jiha Bayahude da Ya Daɗe a Kujera a Amurka

Sanatan da ke Washington ko tari ya yi sai jarida ta ɗauka. Ɗan majalisar jiha kuwa yakan shekara arba'in yana rubuta dokokin da suka shafi asibiti da makaranta da hayar gida, a ƙarshe abin da za ka samu a kansa a intanet bai wuce sakin layi uku ba, su ma rabinsu daga takardar yaƙin neman zaɓensa aka kwafo. Jihohin Amurka 50 suna da kujerun majalisa fiye da 7,300 a zauruka 99, saboda kowace jiha zaure biyu gare ta in ban da Nebraska mai zaure ɗaya. A cikin wannan taron akwai Yahudawa da suka kafa tarihin daɗewa, musamman a jihohin New York da New Jersey da Pennsylvania da Maryland da Illinois da Minnesota. Mai son rubuta tarihin ɗayansu, ko don makaranta ko jarida ko kundin sani, ba zai tsira da abin da ya tsinta a sama-sama ba. Aikin mutumin yana kwance cikin takardun majalisa, kuma akwai hanyar tono shi.

Fara da ƙirga shekaru

Da ganinsa ƙaramin aiki ne, amma a nan aka fi yin tuntuɓe. Ranaku uku ne suka bambanta: ranar zaɓe, ranar hawa kujera, da ranar sauka. Richard Gottfried na birnin New York ya ci zaɓe a Nuwamba 1970 yana da shekara 23, lokacin yana ɗalibin lauya a Jami'ar Columbia. Bai zauna a majalisar wakilan jihar ba sai Janairu 1971, ya sauka a ƙarshen Disamba 2022. Shekara 52 ke nan, zaɓe 26, tun da zangon ɗan majalisar shekara biyu ne. Wanda ya rubuta "daga 1970 zuwa 2022" ya haɗa shekarar zaɓe da ta aiki, wanda ya rubuta "shekara 51" kuma ya cire 1971 daga 2022 ya manta cewa duka shekarun biyu cikakku ne. Haka Phyllis Kahn ta Minnesota: an zaɓe ta a 1972, ta hau a Janairu 1973, ta sauka a Janairu 2017, shekara 44.

Ba kowa ne ke shiga ta babban zaɓe ba. Mark Cohen na Philadelphia ya shiga majalisar wakilan Pennsylvania ta zaɓen cike gurbi a tsakiyar 1974, ya zauna har 2016. Lou Lang na Illinois naɗa shi aka yi a 1987, domin a can jam'iyya ce ke cike gurbi idan kujera ta zama babu kowa. Wasu kuma zaure biyu suka zauna: Loretta Weinberg ta New Jersey ta yi majalisar wakilai daga 1992 zuwa 2005, sannan majalisar dattawan jiha har Janairu 2022. A irin wannan sai ka ba da lissafin kowane zaure daban, sannan jimilla. Ka kuma lura New Jersey a shekarun mara take zaɓen majalisarta, saɓanin yawancin jihohi.

Inda za ka tabbatar da ranakun shi ne littafin shekara na gwamnatin jihar da mujallar zaman majalisa. A New York ana kiran littafin Red Book, a Minnesota kuma Legislative Manual, wanda mutanen wurin ke ce wa shuɗin littafi. Ɗakin karatun majalisar Minnesota yana da rumbun bayanai a intanet na duk wanda ya taɓa zama a majalisar, da zango-zango da kwamitocin da ya shiga. Shafuka irin su Ballotpedia suna da amfani ga shekarun baya-bayan nan, amma in ka koma shekarun 1970 sai ka tarar da giɓi.

Kalmar "mafi daɗewa" kada ka sake ta tsirara. Mafi daɗewa a ina, cikin su wa? Gottfried shi ne mafi daɗewa a tarihin majalisar New York, ya wuce Sanata John Marchi da ya yi shekara 50. Amma a faɗin ƙasar kambun na Fred Risser ne na Wisconsin, wanda ya yi shekara 64, daga 1957 zuwa 2021. Kahn ma rana ɗaya suka hau da Lyndon Carlson, shi kuwa ya ci gaba har 2021, don haka ba ita ce mafi daɗewa a zaurensu ba.

Akwai gwaji mai sauƙi na kama ƙarya. Jihohi 16 sun ƙayyade wa 'yan majalisa wa'adi, abin da California da Colorado da Oklahoma suka fara a 1990. Idan ka ga an ce wani ya yi shekara talatin a jere a majalisar California bayan wannan lokacin, to da sake. Jihohi shidan da aka ambata a farko babu mai wannan ƙayyadewar, shi ya sa dogon zama ya yiwu a cikinsu.

Lambar mazaɓa ba ita ce mazaɓa ba

Duk shekara goma, bayan ƙidayar jama'a, ana sake shata iyakokin mazaɓu, lambobi kuma su juya. Gottfried ya wakilci mazaɓa ta 65, sai ta 67, sai ta 64, sai ta 75, alhali yana nan a yammacin Manhattan, wajen unguwannin Chelsea da Hell's Kitchen. Mai karanta jerin lambobin ba tare da taswira ba zai zaci mutumin ƙaura yake ta yi. Kishiyar haka ma tana faruwa: lamba ta tsaya, amma a yanke unguwa biyu a liƙa wasu. Don haka ka nemo taswirar kowane zagaye, 1972 da 1982 da 1992 da 2002 da 2012, ka rubuta sunayen unguwannin da ke ciki. Idan mutumin ya fara kafin tsakiyar shekarun 1960, ka san tsarin ma daban ne. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Reynolds da Sims a 1964 ne ya tilasta a daidaita yawan mutanen mazaɓu, kuma kafin nan a New York cikin kowace gunduma ake ƙirga lambobin, shi ya sa za ka ga "mazaɓa ta 18 ta gundumar Kings", wato Brooklyn.

Ko iyaka ba ta motsa ba, mutanen ciki suna canjawa, kuma sau da yawa a nan ƙarshen labarin yake. Mazaɓar Kahn ta ƙarshe, 60B a birnin Minneapolis, ta ƙunshi Jami'ar Minnesota da unguwar Cedar-Riverside, inda Somaliyawa suka yi ta sauka tun shekarun 1990. A 2014 ta tsallake ƙalubalen Mohamud Noor a zaɓen fidda gwani. A Agusta 2016 aka yi takara uku, Ilhan Omar ta zo ta ɗaya, Noor na biyu, Kahn ta uku. Marubuci mai gaggawa zai ce Musulma ta kayar da Bayahudiya ya rufe littafi. Ƙuri'un rumfa-rumfa ne za su nuna maka abin da ya faru a zahiri: 'yan takara biyu Somaliyawa ne da suka raba ƙuri'ar unguwarsu, ga ɗalibai, ga masu ganin shekara 44 ta isa. Sakamakon rumfuna yana ofishin sakataren jiha, kyauta.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida. A mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta mamaye, babban zaɓen Nuwamba biki ne kawai, ainihin kokawar a fidda gwani take. Kada ka burge mai karatu da cewa mutum ya ci kashi tamanin cikin ɗari; ka duba sau nawa aka tsaya masa a cikin gida. A New York kuma doka ta yarda jam'iyyu da yawa su tsayar da mutum ɗaya, sunansa ya fito a layi biyu ko uku a takardar zaɓe. Sai ka tara ƙuri'un layukan duka, in ba haka ba lissafinka zai gaza.

Bin sawun ƙuduri

Nan ne cibiyar aikin, kuma nan ne ya fi cin lokaci. Ɗan majalisar da ya daɗe sunansa yana kan dubban ƙudurori, mafi yawansu ba nasa ba ne. Akwai mai ƙuduri na ainihi, wanda ya gabatar da shi kuma yake kare shi a zaure, akwai kuma masu sa hannu na goyon baya da kan kai hamsin ko fiye. A takardun New York sunan farko a jerin shi ne mai ƙudurin. A Minnesota ana kiransa babban marubuci. Abin da ya sa hannu kawai yana nuna ra'ayinsa, amma ba aikinsa ba ne. Takardun yaƙin neman zaɓe sukan haɗe biyun da gangan.

Kowane ƙuduri yana da lamba. A New York na majalisar wakilai da harafin A yake farawa, na dattawa da S. A Minnesota HF da SF. Lambar tana aiki ne cikin zangon shekara biyu kaɗai. Zango ya ƙare ƙuduri bai wuce ba, ya mutu, sai a sake gabatar da shi da sabuwar lamba. Saboda haka lamba ba tare da shekara ba banza ce. In aka yi wa ƙuduri gyara a New York ana liƙa masa harafi a ƙarshe: A gyaran farko, B na biyu, haka har gaba. Idan zaurukan biyu suka amince gwamna ya sa hannu, sai ya sami wata lambar dabam, lambar babi ta dokokin wannan shekarar.

Ga misali a aikace. Dokar da ta halatta amfani da tabar wiwi a matsayin magani a New York, ƙudurin Gottfried ce, kuma ya fara kai irinta tun 1997. Wadda ta wuce a 2014 lambarta A6357-E, takwararta a majalisar dattawa Sanata Diane Savino ce ta ɗauka, Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a Yuli ta zama babi na 90 na dokokin 2014. Wancan harafin E yana gaya maka an gyara ta sau biyar. Ka buɗe rubutun farko da na ƙarshe gefe da gefe, za ka ga abin da aka sadaukar: dokar da ta fito ta hana shan ganyen ta hanyar hayaƙi, ta kuma taƙaita cututtukan da aka yarda a ba maganin, bisa sharuɗɗan gwamna. Tarihin mutumin yana cikin wannan tazarar, tsakanin abin da ya nema da abin da ya karɓa, da shekara 17 da ya yi yana jira.

Sai ka rarrabe matakai huɗu, domin jaridu sukan cakuɗa su: an gabatar, ya fita daga kwamiti, zaure ɗaya ya amince, ya zama doka. Ƙudurin da aka fi sanin Gottfried da shi, na inshorar lafiya guda ɗaya ga duk mazauna jihar, majalisar wakilai ta amince da shi a 1992, ta sake a 2015 da 2016 da 2017 da 2018. Majalisar dattawa ba ta taɓa amincewa ba, bai zama doka ba har ya sauka. Kanun labari zai ce "majalisa ta amince", mai kwafa kuma ya rubuta cewa New York ta kafa tsarin. Akwai kuma inda wani ya shuka wani ya girbe: shi ne ya fara gabatar da ƙudurin auren jinsi ɗaya a zauren a 2003, amma dokar da ta wuce a 2011 Daniel O'Donnell ne ya ɗauke ta. Daidai shi ne a ce "ya fara gabatarwa", ba "ya kafa dokar" ba.

Ga tsofaffin dokoki hanyar ta baya ake bi. Ka buɗe dokar a kundin dokokin jiha, a ƙasan kowane sashe akwai tarihinsa a taƙaice. Dokar Kahn ta tsaftar iskar cikin gini, wadda ta sa Minnesota ta zama jiha ta farko da ta taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a gaba ɗaya, tana nuna babi na 211 na 1975. Daga lambar babin ka sami lambar ƙuduri, daga nan ka shiga mujallar zaman majalisa ka ga wa ya gabatar, wa ya kawo gyara, wa ya ƙi. Karanta rubutun 1975 ɗin da kansa zai hana ka zuzutawa: keɓe wuraren masu shan taba ya yi, cikakken hani a mashaya da gidajen abinci sai a 2007.

New York tana da wata taska da baƙon mai bincike bai cika sani ba. Duk dokar da ta iso teburin gwamna, ofishin lauyansa yana haɗa mata jaka: bayanin mai ƙudurin, ra'ayin ma'aikatu, da wasiƙun ƙungiyoyin da suka roƙi a sa hannu ko a ƙi. Jakunkunan suna ma'ajiyar tarihi ta jihar a Albany, na shekarun baya-bayan nan an ɗora su a intanet. Da shekara da lambar babi ake nemansu. A ciki za ka ga waɗanda suka yi adawa da sunansu, abin da jawabin ɗan majalisa ba zai taɓa faɗa maka ba.

Gargaɗi ɗaya kafin a wuce. Manyan manufofi da yawa a New York cikin kasafin kuɗi ake cusa su, wanda shekararsa ke farawa 1 ga Afrilu, kuma ƙudurorin kasafi ba sa ɗauke da sunan ɗan majalisa ɗaya. Mutum zai iya yin shekaru yana tura abu, ya wuce cikin kasafi, binciken suna bai nuna komai ba. A nan sai rahoton jarida na makon kasafin da rubutaccen muhawarar zaure.

Kwamiti da muƙami

Daɗewa ba iko ba ce sai ta zama kujerar kwamiti. Gottfried ya shugabanci kwamitin lafiya daga 1987 har ya sauka, wato duk ƙudurin lafiya na zauren ta hannunsa yake bi. Helene Weinstein ta Brooklyn, wadda ta zauna daga 1981 zuwa 2024, ita ce mace ta farko da ta riƙe kwamitin shari'a, kuma ta farko a kwamitin kuɗi. Ka yi jadawalin muƙamai shekara-shekara, kuma a gefe ka rubuta jam'iyyar da ke da rinjaye. Shekara goma a ɓangaren marasa rinjaye takan bar mutum babu doka ko ɗaya da sunansa, ba don lalaci ba. A Minnesota rinjaye ya sha sauya hannu a zamanin Kahn, a majalisar wakilan New York kuwa Dimokurat ke riƙe da shi tun 1975.

Batun Yahudanci

Suna ba hujja ba ne. Sunayen Jamusanci da na Gabashin Turai Kiristoci da Yahudawa duk suna ɗauke da su, aure kuma yana sauya sunan mata. Jerin sunaye da ake samu a intanet na "'yan siyasa Yahudawa" akwai kurakurai a ciki. Hujjar da ake karɓa ita ce maganar mutumin da bakinsa, ko tarihin da ofishinsa ya fitar, ko zamansa mamba a majami'a ko a ƙungiyar 'yan majalisa Yahudawa ta ƙasa, ko sanarwar rasuwa da iyali suka bayar. Jaridun al'ummar suna taimakawa ƙwarai: kamfanin dillancin labarai na Jewish Telegraphic Agency, wanda aka kafa a 1917, ya buɗe tsofaffin rahotanninsa a intanet, ga jaridar Forward da ta fara fita a 1897, ga jaridun gari-gari. Takardun mutane kuma akan ajiye su a American Jewish Archives da ke Cincinnati, ko American Jewish Historical Society a New York, ko ɗakin karatun jami'ar jihar.

Bayan ka tabbatar, sai tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: me wannan ya taɓa a aikinsa? Yahudawan Amurka ba tafiya ɗaya suke ba. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ƙiyasta su miliyan 7.5, kashi 37 cikin ɗari na manya suna bin tafarkin Rifom mai sassauci, 17 Konsabatib masu matsakaicin riƙo da addini, 9 Otodoks masu riƙo da dokokin addini sosai, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba su jingina da kowane reshe ba. Akwai da yawa da suke ɗaukar kansu Yahudawa ta asali da al'ada ba ta ibada ba. Ka dubi mutum biyu da suka zauna zaure ɗaya, jam'iyya ɗaya, shekara 36 tare. Dov Hikind, ɗan waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Nazi, ya wakilci unguwar Borough Park ta Otodoks daga 1983 zuwa 2018, ya taso cikin ƙungiyar Meir Kahane, wani malamin Yahudawa mai tsattsauran ra'ayi, yana yawan magana kan Isra'ila, kuma ya sha mara wa 'yan Rifablikan baya. Gottfried kuwa ɗan ɓangaren masu sassaucin ra'ayi ne, aikinsa kusan duka kan lafiya. Kalmar "Bayahude" ita kaɗai ba ta hango maka ƙuri'ar ko ɗayansu.

Inda alaƙar take a fili, sai a faɗe ta da lambar doka. Sheldon Silver, Otodoks daga unguwar Lower East Side ta birnin New York, shi ya ɗauki dokar 1983 kan takardar saki ta addini da ake kira get, wadda ta wajabta wa mai neman saki a kotu ya kawar da abin da zai hana abokin aurensa sake aure. Dokokin abincin kosha, wato abincin da addinin Yahudawa ya halatta, ma fage ne: kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke tsofaffin na New York a 2002 saboda sun sa gwamnati cikin fassarar addini, majalisa ta yi sabuwa a 2004 da ta tsaya kan bayyana wanda ya tantance abincin. Inda babu irin wannan shaidar, ka ambaci asalin mutumin a sashen tasowarsa ka wuce. Kada kuma ka ɗora masa matsayi kan Isra'ila da Falasɗinu da bai furta ba. Majalisar jiha ba ta da hurumin harkokin waje, iyakarta kudurin nuna ra'ayi da dokokin kwangila da zuba jarin kuɗin fansho, kuma waɗannan duk akwai rubutacciyar ƙuri'a a kansu.

Yawan Yahudawan mazaɓa ba za ka same shi a ƙidayar ƙasa ba, domin ba ta tambayar addini. Ƙiyasi ne kawai daga binciken ƙungiyoyin al'umma da na Jami'ar Brandeis, kuma iyakokinsu ba sa dacewa da na mazaɓa. Ka kira shi ƙiyasi, ka faɗi wanda ya yi.

In kana son shimfiɗar tarihi, kaɗan ya isa. Kundin tsarin mulkin tarayya ya hana gwajin addini ga muƙaman tarayya tun farko, amma jihohi sun ja ƙafa. A 1809 an yi yunƙurin korar Jacob Henry daga majalisar North Carolina saboda addininsa, Maryland ba ta buɗe wa Yahudawa ƙofar muƙami ba sai 1826, New Hampshire ta cire sharaɗin zama Furotesta a 1877.

Idan akwai shari'a

Silver ya yi kakakin majalisar wakilai daga 1994 zuwa 2015, kuma labarinsa darasi ne kan bin shari'a har ƙarshe. An same shi da laifin rashawa a Nuwamba 2015. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2017, bayan Kotun Ƙoli ta taƙaita ma'anar "aikin ofis" a shari'ar tsohon gwamnan Virginia, Bob McDonnell. An sake shari'a a 2018 aka sake samunsa da laifi, a 2020 aka soke wasu tuhume-tuhumen aka bar sauran, aka yanke masa shekara shida da rabi, ya rasu yana tsare a Janairu 2022. Duk wanda ya tsaya a rahoton 2015 ko na 2017 ya ba da rabin labari, kuma kowane rabin yana kai mai karatu wani wuri dabam. Ka bambanta zargi da tuhuma da hukunci, ka sa kwanan wata ga kowanne. Laifin kuma na mutumin ne. A shekarar 2015 ɗin nan aka sami shugaban masu rinjaye na majalisar dattawan jihar, Dean Skelos, wanda ba Bayahude ba ne, da makamancin laifin. Jingina rashawa da addinin mai ita tsohuwar ƙazafi ce, kuma ba ta cikin takardun kotu.

Hira da haɗa rubutu

Hira a ƙarshe ake yinta, bayan takardu sun cika, domin mai shekara arba'in a kujera ya ba da labarinsa sau ɗari har ya yi santsi. Tambayar "wace nasara ka fi alfahari da ita" amsar da aka saba za ta jawo. Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai lamba: me ya sa aka cire sashe kaza a gyara na uku, wa ya nema? Tsofaffin ma'aikatan kwamiti da abokan hamayya sukan fi shi tuna daki-daki. Idan mai kiyaye Asabar ne, kada ka kira daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, haka lokacin manyan bukukuwa na Satumba da Oktoba. Wannan ma yana bayyana wasu ranakun da za ka ga an rubuta ba ya zaure da uzuri. Adireshin gida da bayanan 'ya'ya da jikoki ba su da gurbi a rubutun, ko da ka ci karo da su.

Wajen nema a rumbun jaridu ka gwada sunaye fiye da ɗaya: Dick maimakon Richard, Shelly maimakon Sheldon, da sunan mace kafin aure. Ka kuma yi hattara da gidajen da siyasa ta zama gado. Irwin Steingut ya yi kakakin majalisar wakilan New York a 1935, ɗansa Stanley ya yi daga 1975 zuwa 1978. Wanda ya kayar da Stanley a 1978 Murray Weinstein ne, wanda ya shiga takarar bayan an cire sunan 'yarsa Helene kan batun mazauni, ita kuma ta gaji kujerar shekara biyu bayan haka. Saul Weprin ya rasu yana kakaki a 1994, ɗansa Mark ya hau kujerar mazaɓarsa, daga baya wani ɗan nasa David ya karɓa a 2010. Mujallar zaman majalisa sau da yawa sunan gida kaɗai take bugawa a jerin ƙuri'a, don haka duk inda ka ga Weprin ko Weinstein ko Steingut, ka duba shekarar kafin ka rubuta wanda ya jefa.